Ranar da Aka Tsayar da Ke Gaban Tablo

Zuwa ga ƙawata Hadiza 'yar Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta iske ki lafiya, a duk inda kike.

Kin tuna shekarar fari da yunwa, muna lakol, makarantar boko, a Damagaram? Kin yi sati biyar a ƙauye kina taya innarki tsinkar anza, 'ya'yan itacen daji da ake ci lokacin yunwa. Kika dawo a rame, saura kwana biyu jarrabawar lissafi, wadda da ita za a tace waɗanda za a bar wa burs, kuɗin tallafin karatu. Wadda ta rasa, sai gida, gidan kuwa babu hatsi.

Mushe, malamin lissafi, ya rubuta y = -2x² + 8x + 3, ya ce mu nemo ƙololuwar farabol ɗin, zanen nan mai kama da ƙwarya a kife. Ni na mance alamar ragi a -b/2a, na samu -2. Ke kika rubuta 2 da 11, daidai.

Ban yarda ba. Ba kya nan aka yi darasin. Kuma ke ce mai share ɗakin da mushe yake ajiye takardu. Na lallaɓa na gaya wa darekta, shugaban lakol, cewa satar amsa kika yi.

Aka tsayar da ke gaban tablo, allon aji, aka ba ki wani sabon lissafi. Kika ɗauki alli, kika fitar da x, kika mayar da shi cikin lissafin, y ya fito. Har yau ban san inda kika koya ba.

Da la'asar kika zauna kusa da ni, kika ɓara mini ƙuliƙulinki, kika ce, "Rakiya, ki riƙa kula da ragi." Ban nuna wa kowa takardata ba. Wa ya gaya miki? Darekta ne ya ambaci sunana? Ko kin karanta a fuskata?

Dukanmu muka tsira da burs, ni da ƙyar. Amma bayan hutu ba ki dawo ba. Aka ce kun yi kudu. Yunwa ce ta kore ki, ko tsayuwar nan gaban aji?

Hadiza, in ba ki sani ba, ni ce. Ki yafe mini.

Allah Ya sa kina raye, Ya ni'imta ki da zuri'arki, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki,
Rakiya