Na Kai Surukaina Wajen Kakar Da Ba Ita Ba

Assalamu alaikum masu wannan shafi, a ɓoye sunana. Masu zagi ku ɗan dakata, na riga ku zagin kaina.

Ina aiki a Sakkwato, saura sati uku aurena. Kakata ta wajen uba tana Shagari, ita ta raine ni. Rabin leɓenta na sama babu, kuncinta ɗaya ya lotsa. Tun zamanin Turawa abin ya same ta, tana 'yar shekara biyar. Ƙyanda ta kama ta a shekarar da gero ya ƙi, babanta manomi ne, kunun dusa ake sha a gidan, baki ya ruɓe, babu halin kai ta asibiti. Ƙanwarta kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, tana riƙo a Bodinga gidan kawunsu, masinjan En'e, wato hukumar gargajiya, mai albashi. Ita ma ta yi ƙyandar, amma ga nono, ga nama, ga malamin asibiti. Yau Hajiya ce, fuska sumul.

Da dangin yarinyar da zan aura suka fara binciken asali, gwaggonta ta ce a gabana su ba sa haɗa iri da gidan da ke da ciwon gado, kuma tana son ganin tsohuwar da ta raine ni. Sai na kai su Bodinga, na nuna Hajiya na ce ga kakata. Ta amshi atamfa da goro, ta sa albarka. Ita kanta yarinyar ba ta sani ba.

Wallahi raina a ɓace yake. Wane gado? Yunwa gado ce? Jini ɗaya ne fa, tukunya ce ta raba su. Ina jin haushin gwaggon nan, ina jin haushin Hajiya da ta amsa ko kunya babu, amma wa ya tuƙa motar? Ni ne.

Jiya na je Shagari, ashe labari ya riga ni. Kakata tana gyaran albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Maigida, an ce ka sake ni babu takarda." Na yi dariyar dole. Ta ce ita ba ta yi fushi ba, tun tana budurwa in baƙi suka zo bayan rumbu ake kai ta. "Hwaɗa min dai, ran buki in taho, ko in zamna gida?"

In ta zo ƙaryata ta fito, ƙila a fasa auren. In na ce ta zauna, na mayar da ita bayan rumbu da hannuna. Jibi na ce zan kira ta. Jama'a, me zan yi?