Hoton Uwar Biyu a Ƙofar Gaba

Zuwa ga takwarata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki na sa-kai da matan da kuke koya wa karatu da sana'a a ƙasar mutane. Allah Ya tsare min ke daga ciwo da mugun mutum, Ya kuma buɗe miki ciki, don a hoton da kika turo wa babanki wuyanki ya yi tsawo kamar na zalɓe. Mu nan alhamdu lillahi. Kakanki yana nan da tarinsa da rediyonsa, har yanzu gardama yake yi da mai karanta labarai. Ƙanwar babanki ta sauka lafiya, an sami namiji mai kunnuwa irin na gidan ubansa, Allah dai Ya raya. Ni kuma a kishingiɗe nake rubuta miki, da matashi biyu a bayana, saboda haƙarƙarina. Kada hankalinki ya tashi, wanda ya yi min ya fi ni jin jiki.

Babanki ya nuna min sauran hotunan, na ga ɗalibanki jere kowace riƙe da littafinta tana murmushi, kuma ya ce kin sa su inda duk duniya za ta gani. Na yi murna da farko. Yanzu kuwa ina so ki cire su yau, ki bi matan nan ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, ki tambayi kowace ko akwai wanda bai kamata ya ga fuskarta a ajinku ba. Ki ji dalili.

Kin san makarantar mata ta bayan layinmu, inda nake zuwa koyon ɗinki tun bara. Ni ce ɗaliba mafi tsufa, kuma in ji malamai mafi surutu. Abin da ba ki sani ba, cikin mu ashirin da wani abu akwai kusan shida da a gidajensu ba a san suna zuwa ba. Saboda su aka tsara komai. Ana fara aji bayan maza sun fita aiki, a tashi kafin azahar. Ba mai shiga ta ƙofar gaba da ke kallon titi, duk ta lungun baya muke bi. Littafi ba ya zuwa gida, a kabad yake kwana. In an tashi kowa ta wanke man keken ɗinki da alli daga hannunta, ni kuma in tsaya a bakin ƙofa in duba zanen kowace, in tsince guntun zare da ƙyalle, har suna kirana kwastan. Ba a rubuta wannan doka a ko'ina ba, kuma ba mai faɗinta, kowa dai ta sani.

Cikin shidan nan akwai wadda muke kira Uwar Biyu, matar wani bakanike. Siririya ce, ba ta da magana, amma in ta hau keke sai ki rantse da shi aka haife ta. Mijin ya hana ta tun farko, ya ce matarsa ba za ta zauna tana auna jikin mutane ba. Ita kuma ta ga yadda hannunsa yake saurin tashi, ta san wata rana za ta buƙaci abin da za ta riƙe 'yan biyunta da shi. Sai take cewa za ta duba gwaggonta marar lafiya. Gwaggon nan ta yi wata takwas tana jinya a bakinmu, alhali tana can garau tana kiwon kajinta. Saura mata mako shida ta gama, a ba ta takardar shaida da keken kanta, kamar yadda ake ba duk wadda ta ci jarrabawa.

Ana nan sai ƙungiyar da ke kula da makarantar ta turo mana sabuwar malama daga wata ƙasa, 'yar sa-kai kamar ke, sa'arki ce ma. Muka sa mata Malama Tabarau, don ba ta rabo da shi a ido. Yarinya mai kirki, ga hannu a yanka, ga dariya, harshenmu kuwa tana tauna shi kamar mai cin tsakuwa. Ta zo da wata 'yar na'ura mai fitar da hoto nan take. Ranar da Uwar Biyu ta haɗa rigar yaro da wuya da aljihu ba ko kuskure, malama ta yi ta tsalle, ta ɗauke ta hoto riƙe da rigar. Mun ɗauka a jakarta za ta ajiye. Ashe bayan mun watse ta je ta manna shi a allon sanarwa na ƙofar gaba, ta rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe wai gwanar wannan mako. A ƙasarsu haka ake girmama ɗalibi. Baba maigadi ma shi ya riƙe mata ƙusoshi, yana yaba kyan hoton. Mu kuma da yake ta baya muke shiga, kwana uku hoton yana kallon titi ba wadda ta sani. Kullum ina tsaye ina tsince zare daga zanen Uwar Biyu, fuskarta kuwa tana can a waje rana tana dukanta.

Rana ta huɗu da hantsi, bakaniken ya fito gwada wata mota da ya gyara, ya biyo ta titinmu. Abin da muka fara ji shi ne ƙarar birki, sai ihun Baba maigadi. Daga baya Baba ya ce ya tare shi yana tambayar wa yake nema, mutumin bai ko amsa ba ya maka masa sifana a goshi. Kafin mu miƙe ya banko ƙofar aji, hoton a dunƙule a hannu ɗaya, sifanar a ɗayan, doguwa irin ta kwance tayar babbar mota. Ya tsaya yana huci yana bin mu da ido. Uwar Biyu tana kan keke na uku, ƙafarta ma ba ta daina takawa ba don ruɗewa. Ya ce ashe nan ne gidan gwaggon. Ya ce ta nuna masa gwaggon ya gaishe ta da jiki. Sai ya finciko ta ta ɗankwali da gashi, ya buga fuskarta a kan keken, jini ya ɓalle mata ta hanci ya zuba a kan yadin da take ɗinkawa.

Takwara, na ga faɗa a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ya danne hannunta na dama a kan teburin keken, ya ce wannan ne hannun gwanar, ko? Ya ɗaga sifanar ya sauke. Ƙarar da na ji kamar an taka busasshen kara, har yau tana kunnena. Ya sake ɗagawa ya sauke. Malama Tabarau ta yi tsalle ta rungume hannunsa tana magana da yarensu, ya kai mata gwiwar hannu a baki, tabarau ya yi gabas, haƙorinta ɗaya ya yi yamma, ta faɗi cikin kujeru. Ya juya kan keken yana dukansa har kan ya tsage, ya ture na kusa da shi ya faɗo a ƙafar wata mai ciki. Mata suka yi ta kururuwa suna turereniya a ƙofar baya, wadda ba ta cin mutum biyu a lokaci ɗaya.

Ni ina lungun guga, don ranar aikina ke nan. Na sha gabansa na ce ya ji tsoron Allah, ni sa'ar uwarsa ce. Ya ce in matsa, tsohuwar banza mai lalata matan mutane, ya hankaɗe ni na bugu da gefen tebur, nan haƙarƙarin ya samu rabonsa. Banza ban damu da ita ba, tsohuwar ce ta ɓata min rai. Ina ƙasa na ga ya sake kamo hannun yarinyar nan yana neman babban yatsa, ga kuma dutsen guga kusa da ni, cike da garwashi, na gama hura shi ke nan. Ban san lokacin da na tashi ba. Na ɗauke shi da hannu biyu na manna masa a damtsen da ke riƙe da sifanar, na danna kamar ina fitar da karin wando. Ƙaurin ya cika ɗakin. Ya yi wata ƙara irin ta akuya a hannun mahauci, sifanar ta faɗi, murfin dutsen ya buɗe garwashi ya zubo masa cikin takalmi. Yana rawar da ba a koya masa ba, sai wata ƙatuwar ɗalibarmu mai sayar da itace ta rufa masa bandir ɗin yadi a ka ta kayar da shi. Nan fa waɗanda suka gudu suka dawo. Wata da benci, wata da katakon awo, wata da takalminta kawai. Sai da na hau kansa na zauna na ce ya isa, kada a yi kisa a makaranta, sannan suka bari. Muka ɗaure shi da igiyar labule har 'yan sanda suka zo. Babbansu ya dubi damtsen ya tambayi wa ya yi wannan aiki, na ce ni ce, kuma ban gama ba, saura ɗaya hannun.

A asibiti aka yi wa Baba maigadi ɗinki biyar a goshi, mai cikin nan kuma Allah Ya kiyaye, ƙafar ce kawai ta kumbura. Uwar Biyu yatsu uku suka karye. Likita ya ɗora su ya naɗe hannun har gwiwa, ya ce biyu za su warke, na tsakiyan kuwa kada a sa rai zai sake lanƙwasuwa. Malama Tabarau ta zauna a bakin gadon da leɓe a kumbure tana kuka, ta ce ita ta jawo, za ta haɗa kayanta ta koma ƙasarsu. A nan na fara jin Uwar Biyu ta yi doguwar magana. Ta ce mata ba ta isa ba. Ta ce ba za a tona mata asiri a fasa mata hannu sannan a hau jirgi a bar ta da rigar da ba a sa wa hannu ba, ta zauna ta gama koya mata abin da ta fara. Ni ma na ce wa malama ta share hawaye, laifin namu ne mu da muka san dokar muka bar baƙuwa ta yi ta lalube.

Kwana biyu bayan nan dangin mijin suka zo, yayansa da wani kawunsu mai carbi. Suka ce a yi haƙuri, zuciya ce, kuma ita ma ai ta yi ƙarya. Suka ce ta je ta ce wa hukuma keke ne ya faɗo mata, a sake shi, ta koma ɗakinta, maganar ɗinki kuma a bar ta har abada. Kawun ya ƙara da cewa tsohuwar da ta ƙona musu ɗa ma sun yafe mata. Na ce na gode, amma ya faɗa wa ɗan nasu dutsen yana nan, gawayi ma bai ƙare ba. Uwar Biyu ta bari suka gama tsaf. Ta ɗaga naɗaɗɗen hannun ta ce su duba da kyau, wannan shi ne abin da zai hana ta komawa, ba ɗinki ba. Ta ce ƙarya kam ta yi wata takwas tana yi, ta gaji, ba za ta ƙara ko ɗaya ba, balle a gaban hukuma. Suka tashi suna cewa za ta gani. Har yanzu mijin yana tsare, yayan kuma yakan wuce ta layinmu a kan babur yana rage gudu. Babanki ya ƙara sakata a ƙofarmu.

Na ce ƙofarmu, don tana gidanmu. Ɗakinki na ba ta ita da 'yan biyun, sun riga sun karya miki madubi, in kin dawo kya nemi tabarma. Ranar Litinin ta ce in raka ta makaranta. Na ce da wane hannun? Ta ce keke da ƙafa ake taka shi, hagunta lafiya lau, abin da ta rasa mai riƙe mata yadi ta dama, ni kuma ba abin da nake yi sai surutu. Muka tafi. Da muka kai bakin lungun baya na karkata, ita kuwa ta wuce, ta zagaya ta titi ta shiga ta ƙofar gaba, mutane suna kallo, ni ina bin ta da haƙarƙarina. Ta zauna a wani keken da ya tsira, na jawo kujera na zama hannun damanta. Sau uku tana sa ni farke ɗinkin, wai ina jan yadi kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. A na huɗu layin ya tafi sambal tun daga kafaɗa har ƙasa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce in miƙo hannun rigar.

Ki gaishe min da shugabar aikinku da matar da kike zaune a gidanta, ki ce na gode da riƙon da take miki. Kakanki yana gaishe ki, ya ce ki rage yawo. Babanki da mamarki da ƙannenki duk suna gaisuwa, haka mai jego. Malama Tabarau ma ta ce a gaishe ki, da wawulonta. Ki sa Uwar Biyu a addu'a, jarrabawa saura mako biyar.

Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo min da ke lafiya.

Taki,
Kakarki