Sakan Ɗaya da Rabi

Laraba da dare, unguwar Nima

Yau na koya wa ɗalibaina abin da ke sa abu ya faɗo ƙasa. Mutanen zamanin da sun ce abu mai nauyi mazauninsa yake nema. Daga baya masana suka ce duniya ce ke jan sa, yanzu kuma wai sarari take lanƙwasawa. Sai wata ɗaliba ta ce, "Madam, daga hawa na uku, sakan nawa?"

Na lissafa a allo. Ɗaya da rabi.

Daga hawa na uku Yaya Sule ya faɗo shekaranjiya, yana aikin rufi a unguwar Maamobi. Har yanzu bai farfaɗo ba. Ya Allah, ko salati ya samu ya ƙarasa?