Sunan da Ban Taɓa Kiranki da Shi Ba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji.

Kin gani, har a rubuce Yaya nake ce miki. Ni ce 'yarki ta fari. A ɗakin Kaka na tashi, na ji ƙannenki suna kiranki Yaya, ni ma na bi sahu. Ke kuma kunyar 'yar fari ba ta taɓa barinki kin kama sunana ba. Sai dai ki ce wa Kaka, "Waccan ta ci abinci kuwa?"

Ina da maƙwabciya a nan unguwar Danau Kota ta ƙasar 'yan Malay, mutuniyar duwatsun arewacin Pakistan. Yarensu Falura, masu jinsa ba su da yawa. Jiya muna tsinke alayyahu a kicin ɗinta, mahaifiyarta ta kira waya. Ta ɗauka ta ce "Yeei", ta ja kalmar kamar ba ta son ta ƙare. Da ta ajiye ta ce mini haka suke ce wa uwa, a bakin kakanni suka gaje ta, kuma duk Malay da Turancin da 'ya'yanta suka kwasa, wannan kam ba ta yarda sun sauya ba. Sai ta tambaye ni me nake ce wa tawa.

Yaya, sai ga hawaye. Na ce hayaƙi ne ya shigar mini ido, alhali ko wuta ba ta kunna ba.

Ranar da za mu taho ƙasar nan, kowa ya rako ni bakin mota ban da ke. Sai da muka sauka na tarar da kuka da daddawa a ƙasan akwatina, ƙulle cikin tsohon ɗankwalinki.

Da kina jinya na yi niyyar in kira ki a waya da sunan da 'ya'ya ke kiran uwa. Ina gaishe ki kika ce, "Ba ni yaran." Na ce bari sai na zo gida. Aka binne ki ban ko kai filin jirgi ba.

Ba na ganin laifinki, haka kika tarar ana yi. Amma abin yana ci mini rai: ƙannena sun kira ki da shi son ransu, ni ko sau ɗaya ban samu ba.

To yau zan faɗa, ko da kin kawar da kai. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu a Aljanna, Inna. Innata.

Taki har abada,
Waccan