Mako Guda Ba Tare da Inna Ba

Baban Ramatu,

Sallama a gare ka, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san babu mai kai maka wannan takarda, idonka kuma ba zai sauka a kanta ba. Amma tun da ka tafi ban samu wanda zan ba labarin gida yadda nake ba ka ba, ina yanka albasa kana kwance igiyar takalmi. Yau na samu zama, shi ya sa na ɗauki biro.

Muna nan lafiya. Ramatu ta shiga shekara ta biyu a jami'a can Villeurbanne, kullum a tiram take, jirgin nan na cikin gari, ta dawo da yunwa da jaka mai nauyi. Ta ɗauko tafiyarka, kafaɗa ɗaya sama da ɗaya. Butik ɗinka, shagon nan na Guillotière, na ba wani ɗan Maradi haya. Ya canja wa buhunan gero wuri, ya sa farar fitila mai kashe ido, ba na son bi ta gabansa. Abin da yake kawowa ƙarshen wata shi muke ci.

Mahaifiyarka tana nan wurina. Jikin Inna da ƙwari, hankalin ne ke ta tafiya. Ranar da ka rasu mun gaya mata, ta yi kuka kamar ranta zai fita. La'asar na yi ta manta, ta tambaye ni ko ka dawo daga Paris. Muka sake gaya mata, ta sake kukan sabo fil. Lokotoro, likitan da ke duba ta, ya ce mu daina. To a wurinta har yau kana Paris kana sarin kaya, jirginka ne ya yi jinkiri. Wani lokaci in na faɗa mata haka, ni ma sai in tsaya ina sauraren matakala.

Yanzu a tunaninta rabin ranarta a Damagaram take yi. In na tura ta a keke muka hau gada, ta dubi kogin Rhône sai ta ce tapki ya cika bana, a hana yara zuwa. Da yamma ta tashi neman awakinta a bayan labule. Ni nake mata wanka, ni nake ba ta a baki, ni nake ɓoye makullin ƙofa don kar ta fita neman gidan ubanta. Kitson da nake yi wa mata na bari, don ba a raba gashi da hannu ɗaya a riƙe tsohuwa da ɗayan. Barci kuwa na koyi yin sa sama-sama, kunne a buɗe.

Wata rana na bar ta da maƙwabciyarmu na tafi farmasi karɓo magani. Na hau tiram, na jingina kai da gilashi. Da na buɗe ido mun kai ƙarshen layi, babu kowa a ciki, ga itatuwa dogaye, ga rana tana ratsa ganye. Ban san wurin ba. Na ɗan jima ban tuna ko ni matar wa ce ko uwar wa ba, kuma, Allah Ya sani, daɗi na ji. Da hankalina ya dawo sai na tuna Inna, na kama tiram na komawa. Washegari lokotoron Inna ya gwada jinina, ya cire tabarau ya ce marasa lafiya biyu yake gani a gidan nan. Shi ya tura ni wurin wata madam ta ofishin taimakon jama'a.

Ka san akwai hutu na masu jinya a ƙasar nan? Ni ban sani ba, duk shekarun da muka yi. Repi suke ce masa. Madam ɗin ta yi mini bayani a hankali. Ta ce tunda Inna tana da takardun zama kuma an riga an sa ta cikin tsofaffin da gwamnati ke tallafawa, akwai wani ɗan kaso da ake warewa kowace shekara saboda wanda ke kula da ita. Ana iya kai tsohuwa gidan tsofaffi ta yi ƴan kwanaki, ko ta wuni can ta dawo, ko a turo wata gida ta karɓe ka. Na ji kunya ta rufe ni, kamar an kama ni ina neman inda zan ajiye mahaifiyarka. Na ce mata a wurinmu ba a hutu da uwa. Ta ce in na faɗi, wa zai ɗaga ta?

Sai maganar kuɗi. Na ɗauka gwamnati ce za ta biya duka, ashe ba haka ba ne. Kuɗin kwana ɗaya a gidan nan ya fi cefanen da nake mana na mako. Kason gwamnati ƴan kwanaki kaɗan yake rufewa, in ya ƙare kuma sai wata shekara. Ɗaki da abinci yawancinsu daga aljihunka ne. Kuma sai an cika dosiye, takardu tuli, a zo gida a duba Inna, a tambaye ta wace shekara muke ciki. Ta ce musu shekarar da fara ta cinye gero. Aka yi ta jira, sanyi ya shigo ya fita, kafin amsa ta zo da gurbin mako guda. Abin da ya rage a kanmu ya fi ƙarfina. Na kira ƙaninka Mamman Sani a Sevran, can gefen Paris.

Ya turo kuɗin, bai ja ba. Amma ya ce in zo mu yi magana. Ya ce abin da za a kashe a mako ɗaya nan zai riƙe Inna watanni a gida, da mai yi mata aiki, da nama, da fura. Yana so a mayar da ita Damagaram wurin dangi.

Ranar da muka kai ta, na sa mata shuɗin zanen nan da ka sayo mata, na haɗa carbinta da garin kunu da man da take shafawa. Gidan yana bayan gari, da lambu a tsakiya. Ramatu ta yi musu bayanin abin da ba ta ci, ta koya wa masu aikin su ce sannu, su ce ruwa. Inna ta zauna bakin gado tana shafa bargo, ta ɗauka asibitin haihuwa ne, ta tambayi wa ya samu ƙaruwa. Na fito ban waiwaya ba. A bakin ƙofa na ga hannuwana suna lilo babu abin turawa, na rasa inda zan sa su.

Na hau jirgin ƙasan da kake hawa zuwa Paris. Ban taɓa bin hanyar nan da rana ba. Me ya sa ba ka taɓa gaya mini tana da kyau haka ba? Gonaki rawaya kamar an shanya atamfa, fararen shanu a tsaye cikin hazo, ƙauyuka suna zuwa suna wucewa kafin ka gama ganinsu. Barci ya ɗauke ni. Na gan ka a kujerar da ke gabana, kana ɓare gyaɗa kana tara ɓawon a hularka. Da na farka wata yarinya ce a wurin da abin jin kiɗa a kunne, amma ƙanshin gyaɗar bai bar ni ba har muka shiga Paris.

A Sevran matar Mamman Sani ta ba ni gadon babbar ƴarta. Kwana biyun farko ban san safe ba, ban san yamma ba. In na buɗe ido sai in ga kwanon abinci a rufe kusa da ni, in ji jiragen sama suna wucewa ƙasa-ƙasa, in koma. Ba wanda ya kira sunana. Ban san akwai gajiya irin wannan a cikin ƙashina ba sai da ta fara fita.

Da na samu ƙarfi na ce zan je in ga inda kake sarin kaya. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ni kaɗai, na fito unguwar da ke cike da shagunan ƴan Afirka, na yi ta tambaya har na samu shagon tsohon nan Bazabarme da kake ambata. Da na faɗi ko ni wace ce sai ya miƙe, ya yi mini ta'aziyya doguwa, ya ba ni kujera da shayi. Cikin hira ya ce ai kai ba ka wuce azahar ba ka gama saye ba. Ka ɗaure kayanka, ka yi salla, ka bar su wurinsa, ka ce za ka je ganin ruwa. Sai dab da jirgin yamma kake dawowa.

Baban Ramatu, ashe haka ne? Ni kuma ina can ina cewa Inna cunkoson kasuwa ne ya riƙe ka.

Ya nuna mini hanyar, na bi a ƙafa. Wata doguwar mashigar ruwa ce da aka gina a tsakiyar gari, da gadoji na ƙarfe da itatuwa gefe da gefe. Na zauna a benci. Ban san ko naka ba ne, amma na ce naka ne. Wani jirgin ruwa ya zo ya tsaya tsakanin ƙofofi biyu, aka rufe, ruwa ya yi ta hawa a hankali yana ɗaga shi, ba mai gaggawa. Na kalle shi har ya wuce. Na jira ɓacin rai ya zo, bai zo ba. Sai kawai na gan ka zaune, ƙafa a miƙe, ba ɗan kowa ba, ba mijin kowa ba, na ɗan lokaci. Tun kafin ka rasu ciwonta ya fara, kai ma kana ɗagawa kana shimfiɗawa, kana kallon uwarka tana kiran ka da sunan ƙaninta. Ban taɓa ce maka na gaji ba, kai ma ba ka taɓa ce mini ba. Kowa yana tausayin kowa, kowa ya yi shiru. Da mun faɗa, wa ya sani, da ko sau ɗaya mun zauna a bencin nan tare.

Ranar Juma'a bayan an sauko Mamman Sani ya zaunar da ni. Kar ka ga laifinsa. Ɗakinsa ƙarami ne, yara biyar, hawa na tara, injin hawan kullum a lalace. Ya yi magana kansa a ƙasa. Ya ce na gama takaba tuntuni, babu abin da ya ɗaure ni da Inna, ba addini ba, ba al'ada ba. Ya ce da sauran ƙuruciyata, kar in ƙarar da ita a kan uwar wani. Uwar wani ya ce. Na san alheri yake nufi. Na tambaye shi wa ya rage a can da zai gane cewa in ta murza gefen zane fitsari take ji, wa zai san ba ta haɗiye magani sai a cikin kunu. Gidan da take nema an rushe shi tun Ramatu na goye. In an kai ta Damagaram, a can ma Damagaram za ta ci gaba da nema. Akwai kuma abin da ban gaya masa ba, kai kaɗai zan gaya wa. Hannunta irin naka ne, har da lanƙwasar ƙaramin yatsa. In ina yanke mata farce kai nake riƙe da shi. Na ce ya ba ni in koma in gan ta tukuna.

Na cika makona cif, ban rage ko yini ba. Ina so ka san wannan.

Da na je ɗaukar ta, na same ta a lambu tare da wata tsohuwar Bafaransa, suna ninke tawul. Wannan na Hausa, waccan na Faransanci, kowa na gyaɗa wa kowa kai. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta gane ni ba. Ta ɗauka baƙuwa ce daga gida, ta tambaye ni mutanen Birnin Damagaram, da damina, da gajiyar hanya, ta sa a kawo mini ruwa. Sai ta matso ta rage murya ta ce tana da suruka a garin nan, matar babban ɗanta. Ta ce yarinyar ba ta iya miyar kuka ba har yau, gishiri take cikawa, amma hannunta da taushi, ba ta taɓa yi mata wanka da ruwan sanyi ba. Ta ce ta aike ta ƙauye ta huta don ta rame. Ta roƙe ni in na gan ta kar in ce tana nemanta, in bar ta ta yi barci.

Shekara nawa ina gidanku, Inna ba ta taɓa yabona a gabana ba. Ka san halinta. Sai da ta manta fuskata na ji. Na zauna na taya su ninke tawul har suka ƙare.

A mota ta gane ni, ta yi mini faɗa a kan ɗankwalina da ya zame.

Na kira Mamman Sani na ce Inna tana nan. Ya ce to. Ya ɗauki alkawarin biyan abin da gwamnati ba ta biya, mako ɗaya lokacin zafi, mako ɗaya lokacin sanyi, in Allah Ya hore masa. Madam ɗin kuma ta samo mata wuni ɗaya a mako, mota na zuwa ɗaukar ta ranar Talata. Shi ma akwai ɗan abin da muke cikawa, na koma kitso a ranar don in fitar da shi. Ban san shekara mai zuwa ko kason zai ishe mu ba, ko gurbin zai samu. Ba na nisan tunani yanzu.

Yau Talata ce. Wadda zan yi wa kitson ba ta zo ba, gidan tsit, taga a buɗe. Zan ajiye biro in kwanta kafin motar ta dawo. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa ka samu hutun da ya fi duk wanda ka nema a nan. Ka kwanta lafiya.

Matarka, kuma ɗiyar Inna,
Balkisa