Adila Ba Ta Je Korar Tsuntsu Ba

Daga: Muttaka Shu'ibu,
Unguwar Bakin Fadama,
Tsamiyar Bunu, ƙasar Haɗejiya,
Jihar Jigawa.

Litinin, 16 ga Yuni, 2025.

Zuwa ga: Mai Girma Sakataren Ilimi na Ƙaramar Hukuma.

Game da: Hana 'yata zama jarrabawar gwajin karatu ta ranar 21 ga Mayu, 2025, da bayanin da ba gaskiya ba da aka rubuta a kanta a Makarantar Firamare ta Tsamiyar Bunu.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, da barka da Babbar Sallah da ta wuce, ina neman izini in kawo kukana gabanka. Ni manomin shinkafa ne, shekaruna ashirin da takwas. Ni ne mahaifin Adila Muttaka, 'yar shekara bakwai, ɗalibar aji biyu. Ita ce 'yar farina, kuma bisa al'adar gidanmu ba na kama sunanta. Takarda ce ta tilasta mini. Da hannuna na rubuta wannan. In an ga kuskure a yi haƙuri, a aji huɗu na tsaya, sauran a ajin yaƙi da jahilci na tsinta.

Ga abubuwan da nake ƙorafi a kansu:

1. Ranar Asabar, 3 ga Mayu, shugaban makaranta, Malam Ja'afar, ya tara iyaye ya sanar da mu cewa baƙi za su zo su gwada karatun 'yan aji biyu. Ya ce za a ba kowane yaro takarda, a danna agogo, a ƙirga kalmomin da ya karanta cikin minti ɗaya. Bai faɗa mana amfanin gwajin ba, bai kuma faɗi abin da zai sami yaron da bai kai ba. Abin da ya maimaita har sau uku shi ne kada a kunyata makaranta. Saboda ba a yi mana bayani ba, kowa ya koma gida da nasa. Wasu suka ce wanda ya faɗi za a kore shi. Wasu suka ce sunan garin ne za a aika sama a cikin na dolaye. Kafin mako ya zagayo, mata suna ta karɓo wa yara rubutun sha, yaran da ko haƙoran gaba ba su gama famfara ba.

2. Daga Litinin, 5 ga Mayu, aka daina koyar da komai a aji biyu sai karatu da agogo. Babu lissafi, babu waƙa, an kuma rage lokacin tara. Yaron da agogo ya riga shi, sai a tashe shi daga bencinsa a zaunar da shi a ƙasa bakin ƙofa. Ranka ya daɗe, Adila tana da in'ina, kuma a wurina ta gada. Ta iya karatu. Ita take karanta wa uwarta, Ummussalma, rubutun da ke jikin kwalbar magani. Sai dai harafin farko yakan riƙe ta, dole a jira ta, in ta wuce shi sai ta zarce kamar ruwan da aka buɗe wa kwalbati. Malamar ajinsu, Malama Rahmatu, ta san haka, kuma tun aji ɗaya take jiranta, Allah Ya saka mata. Amma agogo ba ya jiran kowa. Tun ranar farko aka kai ta bakin ƙofa, can ta zauna makonni biyu.

3. A nan dole in faɗi nawa laifin, don kada a ce na zo neman gaskiya da rabin magana. Ni ma tsoron ya kama ni. Kullum bayan la'asar sai in zaunar da ita a zaure, in buɗe agogon wayata in ce ta fara. Da farko tana kai kalma goma sha biyu. Bayan kwana biyar sai ta koma takwas. Ranar Alhamis, 15 ga Mayu, minti ya cika ba ta fita daga kalmar farko ba, idonta a kan wayar ba a kan takardar ba. Na daka mata tsawa. Washegari da safe ta amayar da kokon da ta sha, haka ma sauran safiyoyin makaranta. Na san wannan ciwon cikin. Irinsa ne ya fitar da ni daga aji huɗu, ranar da malaminmu ya sa duk aji suka kwaikwayi yadda nake faɗin sunana. Tun daga nan ban zauna wuri ɗaya ba: dako a Kano, acaɓa, kamun kifi, leburanci a Kudu. Haihuwar yarinyar nan ce ta dawo da ni gida. Na yi alkawari tsakanina da Allah ba za ta bi sawuna ba, sai ga shi da hannuna na riƙe mata agogo.

4. Ranar Talata, 20 ga Mayu, da aka tashi, shugaban makaranta ya tsayar da yara goma sha ɗaya, dukkansu 'yan bakin ƙofa, ya ce musu gobe an ba su hutu. Babu takarda zuwa ga iyaye. Adila ta dawo tana murna, rabon da in ga haƙoranta tun farkon wata. Ranar Laraba, 21 ga Mayu, baƙin suka zo, suka gwada yaran da suka tarar, suka tafi. Ita kuwa tana tsakar gida tana tsintar wake da uwarta. Maƙwabta huɗu sun gan ta, kuma sun yarda a kira su.

5. Wannan shi ne babban abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Litinin, 26 ga Mayu, Bulama Kolo, mai garinmu, ya aiko a kira ni ƙofar gidansa. A gaban dattawa ya nuna mini takarda daga makaranta mai ɗauke da sunayen yaran nan goma sha ɗaya. A gaban kowane suna an rubuta cewa iyaye sun tafi da shi gona korar tsuntsu. Ya yi mini faɗa irin na uba da ɗa, ya ce ni da na san zafin rashin karatu bai kamata a same ni a wannan sahu ba. Na buɗe baki in kare kaina, in'ina ta riƙe ni, har ya sallame ni ban fitar da kalma ba.

Ranka ya daɗe, wanda ya zaɓi wannan dalili ya san garin nan. Duk wanda ya zo a watan Mayu zai ga tsuntsayen jan-baki suna tasowa daga cikin ciyawar kacala kamar hadari suna sauka a kan shinkafa, zai ga yara a kan rumfuna suna jan igiyar gwangwanaye. Babu baƙon da zai yi shakka. Amma a tambayi duk mai gona kusa da tawa: shekara biyu ke nan ni kaɗai nake tsare shinkafata tun fitowar rana har faɗuwarta. An sha yi mini dariya, ƙato a kan rumfar yara. Bara ɓarin gonar da ke yamma tsuntsu ya cinye, saboda idona biyu ne kawai. Na yarda da wannan asarar don kada yarinyar nan ta rasa rana ɗaya a aji. Kafin a ba ta wancan hutun, a duba rajista, ba ta taɓa fashi ba.

6. Ranar Laraba, 28 ga Mayu, da ranar Talata, 3 ga Yuni, na je wurin shugaban makaranta. Karon farko ya ce in yi haƙuri, taimakon yaran aka yi don kada su sha kunya a gaban baƙi. Karo na biyu ya ce takarda ta riga ta tafi, kuma duk wanda bai zauna gwajin ba zai maimaita aji biyu. Ban sani ba ko haka dokar take, shi ya sa nake tambaya.

7. Yara sun ji abin da aka rubuta. Yanzu 'yar tsuntsu suke kiranta. Tun ranar 29 ga Mayu ba ta koma makaranta ba; in an kama hannunta sai ta riƙe ƙyaure. Maganarta a gida ta ragu, yawanci kai take ɗagawa. Kwanan nan ta fara bina gona da kanta, ban kira ta ba. Tana hawa rumfa ta ja igiya ta yi wa tsuntsaye ihu, kuma a can muryarta ba ta sarƙewa ko kaɗan. Shekaranjiya ta ce mini ta fi son nan, domin nan ba a danna mata komai.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon alfarma kamar haka:

Na farko, a binciki abin da ya faru ranar 20 da 21 ga Mayu, a ji ta bakin iyayen yara goma sha ɗayan nan. Na biyu, a goge maganar korar tsuntsu daga gaban sunayensu, a rubuto wa Bulama gyaran, ya karanta a wurin da ya karanta ta farko. Na uku, kada a sa yaro ya maimaita aji saboda jarrabawar da aka hana shi zama. Na huɗu, nan gaba a yi wa iyaye bayanin kowane gwaji dalla-dalla kafin ranarsa. Ba na neman a raba kowa da aikinsa. Mai yiwuwa shi ma shugaban makarantar wani yake tsoro.

Na ƙarshe, ina roƙon a turo mutum ɗaya mai haƙuri, ya zauna da Adila tare da Malama Rahmatu, ya bar agogonsa a aljihu, ya ba ta takardar da aka ba sauran. In ba ta karanta ba, na yarda da duk hukuncin da aka yanke.

Ina roƙon a hanzarta, Ranka ya daɗe. Saura makonni kaɗan a yi hutun ƙarshen shekara. Ranar da aka rubuta cewa 'yata tana korar tsuntsu, ƙarya ce. Yau da nake rubuta wannan, tana kan rumfa.

Allah Ya ƙara girma, Ya sa a gama lafiya. Na gode da sauraro.

Naka cikin biyayya,

Muttaka Shu'ibu,
Mahaifin Adila Muttaka, aji biyu.