Jinin Baffa Driss

Fas, 3 ga Maris

Zuwa ga 'yata Gizlan,

Bayan gaisuwa, da fatan Rabat tana riƙe ki lafiya. Mu ma lafiya, sai ƙashin hannun ƙaninki Anwar da ke ta narkewa. Yanzu ni ke riƙe masa kofin shayi.

Kin ce bincikenki ya nuna akwai sinadari a jiki mai cin nama da ƙashi, kamar yadda kashin tattabara ke cin fata a majemata, kuma sai da jinin dangi za ki gano a kan wane zaren gadon halitta yake zaune. Ban yi nisa a boko ba, amma na gane. Ga jinina, ga na Anwar, ga na baffanki Driss da 'ya'yansa. Driss ya ce 'yar majemi ta koma sauro. Ban roƙi kowa ba, kin san halina.

Gidan shiru tun rasuwar mahaifiyarki.

Mahaifinki, Larbi

Rabat, 20 ga Mayu

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya.

Na kusa sa yatsa a kan zare na sha shida, sai jinin Baffa Driss ya rushe mini komai. Ko kusa bai yi kama da naka ba. Na zaci an musanya kwalabe, na sake gwadawa, haka ya fito. Ka yi haƙuri, Baba, amma in ban san wane ne ɗan wane ba, ba ni da abin da zan yi wa Anwar.

'Yarka, Gizlan

Fas, 2 ga Yuni

Gizlan, ina gaishe ki.

Driss ɗan'uwana ne, kowa a unguwa ya sani. Iyayena sun rasu ina jariri, uwarsa Lalla Zhor ta shayar da mu tare. A wurinmu nono ya gama magana. Ina zan san na'urarki ba ta ganin nono?

Na zauna bakin ramin jima na nemi dangina na jini. Ke ce, sai Anwar. Saura dangin mahaifiyarki, kawunnanki na garin Safru, kuma rabona da su tun ranar da suka kira ni tsintacce a gaban mutane. Na rantse ba zan sake taka ƙofarsu ba.

Allah ya yi miki albarka.

Larbi

Fas, 15 ga Yuni

'Yata, salama.

Na je Safru. A tsaye suka bar ni a ƙofa. Na roƙa, sun ba da jinin.

Kada ki aiko kowa. Ki zo da kanki ki karɓa.

Babanki